Layi Goma Sha Uku a Fuskar Mai Tikiti

Yayana ba ya iya ganin abu zaune lafiya ya ƙyale shi. In ya shigo ɗakinka ya tarar agogon bango ya ɗan karkace, sai ya miƙar da shi kafin ya amsa gaisuwarka. A kantin magani yake aiki, kullum yana juya kwalabe yana duba kwanan watan da ke gindinsu, shi ya sa a wurinsa duk abin da ya kwana biyu guba ne. Ina son sa, amma akwai ranakun da nake ji kamar in kulle shi a ɗakin ajiya in tafi da makullin.

Ni sana'ata gyaran hoto. A kusurwar falonmu nake aiki: tebur ɗaya, sikana, da laftof ɗina wadda ta shekara shida muna tare. Manhajar da nake gyaran hoto da ita ma tsohuwa ce, kuma sun saba da juna, ba sa faɗa. Abu ɗaya ke damuna, wani ɗan saƙo da ke leƙowa a ƙasan allo ta dama yana cewa a sabunta wannan, a sabunta wancan. Da na gaji da shi, sai na yanko 'yar takarda na manne wurin da salatif. Tun daga ranar muka zauna lafiya.

Kaka, mahaifiyar babanmu, tare muke zaune da ita. Idonta na hagu ya tafi shekara biyu ke nan, na dama kuma sai hazo-hazo. Likita ya sa ranar Alhamis da safe za a yi mata aiki, kuma bai ɓoye mana komai ba: ko idon ya washe, ko ɗan abin da ya rage ma ya tafi.

Ranar Talata da yamma ta kira ni ɗakinta.

"Auta, turo ƙofar nan, kada mai maganin nan ya shigo ya ce ni ma wa'adina ya ƙare."

Ta buɗe gidan tabaranta, ta ɗaga ƙyallen da ke ciki, ta zaro wani ɗan hoto da bai fi kan babban yatsa biyu ba. Hoton kakanmu ne, wanda aka ɓamɓaro daga katinsa na aiki. A tashar jirgin ƙasa ya yi rayuwarsa yana sayar da tikiti, har kowa ya manta sunansa, sai Mai Tikiti. Ina da shekara biyu ya rasu, kuma wannan ne kaɗai hotonsa da ya rage a duniya.

"Da can ina ganin fuskarsa," in ji Kaka. "Bara hularsa kawai nake gani. Yanzu ɗan duhu ne mai kusurwa huɗu. Ki mayar min da shi ƙato kamar faranti. Kafin su taɓa min idon nan, ina so in kalle shi da kyau sau ɗaya."

"Kai, Kaka! Shekara ashirin da shida, har yanzu soyayya?"

"Soyayyar me, 'yar banza? Magana ce ba mu gama ba."

Na yi dariya, amma zuciyata ta yi nauyi. Na ɗora hoton a sikana na ɗauke shi, na mayar mata da abinta, don ba ta barci sai yana ƙarƙashin matashinta. Na ce mata gobe kafin la'asar zai iso gare ta cikin firam.

Laraba da safe na fita kai wani aiki, ban yi awa biyu ba. Abin da na manta shi ne Yaya ya ɗauki hutun kwana biyu saboda aikin idon Kaka, kuma mutum irin Yaya in ya samu hutu, kayan gida ne ke shan wahala. Tun daga ƙofa na ga alama: an jera takalma bisa tsawo. Na shiga falo na tarar da shi a kujerata yana kurɓar shayi, 'yar takardata da salatif ɗinta a kwandon shara.

"Auta, ki gode min," in ji shi. "Kin san abu nawa ke jiran sabuntawa a bayan takardar nan? Goma sha ɗaya! Na yi miki su duka. Na kuma share miki tarkacen tsofaffin fayiloli. Yanzu sai ta riƙa gudu kamar sabuwa."

"Yaya, wa ya sa ka?"

"Sai an sa ni? Ke da kike zaune da abin da ya lalace ba ki sani ba."

Na haɗiye maganar da ta zo min baki, don shi babba ne, na ture shi daga kujerar, don kujerata ce. Na buɗe manhaja, ta buɗe. Na buɗe hoton Mai Tikiti, ya fito. Na ce a raina to, ƙila wannan karon Allah ya rufa asiri.

Da na zuƙo fuskar ta cika allo, sai na ga siraran layuka fari-fari a kanta, ɗaya a kumatu, ɗaya a haɓa, ɗaya a gefen hanci. Ban yi mamaki ba. Tsohon hoto in ka ƙara masa girma, duk tsagewar da ido bai gani ba sai ta bayyana. Na ɗauki burushin shafe tabo na fara aiki, ina ƙirgawa kamar yadda na saba. Na shafe na kumatu, ya ɓace. Na shafe na haɓa, ya ɓace. Ina komawa kumatu sai na ga wani ya tsiro kusa da inda na share. Na sake shafewa. Na bakwai, wani gajere da ke kan girar hagu, shi kaɗai ya mutu mutuwar gaske, shafa ɗaya bai sake dawowa ba. Har na yi wa kaina kirari.

Ina kan na tara allon ya yi ƙifta-ƙifta, manhajar ta rufe kanta ba sallama. Na sake buɗewa, ta sake mutuwa. A nan na tafka kuskuren da tun ranar da na fara sana'a na rantse ba zan yi ba. Ni hawa-hawa nake aiki: asalin hoto a ƙasa ba na taɓa shi, gyara kuma a samansa, yadda in na yi ɓarna zan ɗage in koma. To, don in rage wa laftof nauyi, sai na haɗe hawan duka wuri ɗaya, na adana a kan asalin. Ta ɗan lafa, na ci gaba da farautar layuka har goma sha uku.

Na goma sha huɗu ne ya tona asiri. Ba a fuskar ya fito ba, ba a hular ba. A can gefe ya fito, a kan maɓallan manhajar kanta, yana rawa. Na saki linzamin laftof na zuba masa ido. Tsagewar hoto dai ba ta fita daga hoto ta hau kan maɓalli.

"Yaya!"

Ya leƙo daga kicin riƙe da gwangwanin madara yana duba gindinsa.

"Zo ka ga gudun sabuwar taka."

Ya zo ya sunkuya, ya gyara tabarau. "Kin kashe kin kunna?"

Muka kashe muka kunna sau uku. Layukan suka dawo har da 'yan uwansu.

"To ai manhajar ce ta tsufa," in ji shi. "Ita ma a sabunta ta, su daidaita."

"Sabuwar ba ta hawa kan wannan laftof, ta fi ƙarfinta. Ka taɓa ta, wallahi sai na kai ƙararka wurin Kaka."

Daga ɗaki muka ji muryarta: "Me ya ɓata kuma?"

"Ba komai, Kaka!" muka haɗa baki.

"Uhm. In kun haɗa baki, to akwai komai."

Ƙarfe goma sha biyu ta wuce. Mai wanke hoto yana rufe shago ƙarfe shida. Na cusa laftof a jaka, na ce wa Yaya ya fito da babur ɗinsa, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa.

Layin masu gyara wani ɗan lungu ne a bayan babbar kasuwa, inda kowane shago ke da lasifika a ƙofa kuma babu biyu da ke kiɗa iri ɗaya. A ƙarƙashin wani bene, wurin da bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba, nan ƙawata take. Tare muka yi makaranta, kuma tun muna aji uku ake ce mata Injiniya, saboda ta taɓa kwance ƙararrawar makaranta ta mayar, aka yi mako ana tashi kafin lokaci. Shagon na warin dalma, fanka na juyawa ba murfi, gawarwakin laftof jere a kan kanta kowace da lamba a goshi.

Ba ta ɗago ba ta ce, "Ruwa ko faɗuwa?"

"Yaya," na ce.

"Ayya. Ya fi duka biyun. Sannu da zuwa, Yaya."

"Yauwa, sannu. Ni fa sabuntawa kawai na yi."

"Haka duk suke cewa."

Ta buɗe hoton, ta kalli layukan na rawa, ta ce in tura fayil ɗin zuwa wayata. Na tura. Ta buɗe a wayar ta zuƙo. Fuska fes, ko layi ɗaya babu.

"Kin gani? Ba a hoton suke ba, a idon laftof suke. Tun safe inuwa kike gogewa."

Na ji kamar in nutse. Awa biyu ina dambe da abin da babu shi.

Ta jawo kujera ta yi wa Yaya bayani, ni ma na saurara kamar ban sani ba. A cikin laftof akwai wani kati da aikinsa zana duk abin da ido ke gani a allo, shi ake kira katin girafik. Manhajar gyaran hoto ba ta magana da shi kai tsaye, sai ta bakin wata 'yar manhaja da ake ce wa direba.

"Ɗauke shi kamar tafinta," in ji ta. "Shekara shida tsohon tafinta na tsakaninsu, ya san har tarin kowa. Kai ka zo ka sallame shi, ka kawo sabo ɗan zamani wanda bai taɓa jin irin maganar tsohuwar manhajar nan ba. Ta ce a zana kumatu, shi ya ce wa kati a ja layi."

"Amma ai sabo ya fi tsoho," in ji Yaya.

"A kantin magani. Nan da tsohuwar zuma ake magani."

Ta fara da hanya mai sauƙi. Ta shiga saitin manhajar ta cire alamar da ke ba ta izinin amfani da katin. Layuka suka ɓace ɗif. Yaya ya miƙe yana gyara riga kamar shi ya yi aikin. Na ja burushi sau ɗaya a kan hular. Muka jira. Injiniya ta buɗe ruwa ta sha. Can sai shafar ta bayyana, tana tafiyar hawainiya.

"Da wannan sai bayan an sallamo Kaka daga asibiti zan gama," na ce.

"To sai mu dawo da tsohon tafinta."

Ta shiga inda ake komar da direba baya. Maɓallin na nan, amma ya yi fari fat, ba ya dannuwa. Ta juyo a hankali.

"Laftof takan ajiye tsohon a gefe saboda irin wannan rana. Wa ya share tsofaffin fayiloli?"

Yaya ya ɗaga kai yana nazarin fanka.

"Garin neman gira," in ji Injiniya, ba ta ma ƙarasa ba.

Sai da ta kifa laftof ta karanta lambar da ke cikinta, ta shiga shafin kamfanin da ya ƙera ta, ta gangara can ƙasa inda ake jibge tsofaffin direbobi, ta zaɓo na shekara shida da suka wuce. Na kamfanin laftof ɗin ta ɗauko, ba na kamfanin katin ba, ta ce su suka san yadda suka haɗa kayansu. Saukarwa ta ci minti arba'in, ina kallon agogo ina cizon farce. Da ya sauka, ta kashe intanet, ta tumɓuke sabon direba har saiwarsa, ta sake kunna na'urar. Wani ya kira ta waje a kan cajar da ya saya, ta fita minti biyar. Ni ma na bi ta don in miƙe ƙafa.

Muka dawo muka tarar laftof na murna tana cewa ta gama saka direba. Injiniya ta duba lamba. Sabon ne ya dawo.

"Ta yaya? Na kashe intanet da hannuna!"

Yaya ya yi gyaran murya. "Na ga ta rubuta babu sadarwa, sai na haɗa ta da wayata. Don a yi sauri."

Injiniya ta miƙa masa tafin hannu. Ya ɗora wayar a kai. Ta jefa ta a aljihun tebur ta murɗa makulli, ta nuna masa benci a waje, kusa da mai sayar da rigunan waya. Mutum mai mata da 'ya'ya biyu, ya fita ya zauna ya haɗa gwiwoyi kamar wanda ya makara a makaranta. Duk haushin da nake ji sai da na yi dariya.

Karo na biyu ya tafi daidai. Tsohon direba ya koma mazauninsa, ta hana na'urar sake canza shi da kanta, ta mayar wa manhajar izinin katin. Na zuƙo, na ja burushi, ya bi hannuna kamar da. Babu layi, babu ƙifta-ƙifta. Ƙarfe uku saura kwata.

Injiniya ta leƙo ta kafaɗata. "Kakan naku ɗan fim ne? Fuska sumul haka kamar an goge da dutsen guga?"

"Aikin hannu ke nan," na ce, ina jin daɗi. Yabo na ɗauka.

A kan teburinta na ƙarasa: na gyara haske, na cike kusurwar da ta gutsure, na fito da maɓallan rigar. Muka biya wurin mai wanke hoto, ya fitar da shi ƙato, muka sa a firam. Ƙarfe huɗu da rabi muna gida, ina tafe ina ɗaga kai.

Kaka na zaune bakin taga inda haske ya fi yawa. Na ɗora mata firam ɗin a cinya. Ta sa tabarau, ta karkata kai ta kawo idon dama kusa, ta bi hoton daga hula zuwa haɓa, ta sake hawa. Ta daɗe. Na riga na shirya fuskar karɓar albarka.

"Wane ne wannan?" in ji ta.

"Kaka! Mai Tikiti ne mana."

"A'a. Yaro ne kyakkyawa, Allah ya ba shi mata ta gari. Amma ba mijina ba ne." Ta ɗora yatsa a kan girar hagu. "Ina tabon?"

Na sunkuya na duba. Girar hagu. Na bakwai, wanda ya mutu da shafa ɗaya har na yi wa kaina kirari. Cikin layi goma sha uku da na share, goma sha biyu ƙaryar laftof ne, ɗaya kuma na kakana ne na gaskiya. Sauran shafe-shafen da na yi a kan inuwa kuwa su suka goge masa duk wata tamoji, suka mayar da shi ango.

Yaya ya dafe kai. "Tabon ɓarayi! Na tuna! Baba ya sha ba mu labari. Ɓarayi uku suka zo ɗaukar akwatin kuɗin tasha, shi kaɗai ya kore su, ɗaya ya sare shi a gira."

Kaka ta fashe da dariya har tana tari, sai da na miƙa mata ruwa.

"Uku suka zama? A zamanina biyu ne. Ɓarawo ɗaya ne, ɗan nan, kuma ga ta zaune a gabanka."

Muka zuba mata ido.

"Watanmu huɗu da aure. Ya taso aiki da wuri, ya ce bari ya tsorata amarya, ya laɓe a bayan ƙofar kicin. Na shigo da tukunya a hannu, ya yi tsalle ya ce 'Kama ta!' Ni kuwa ban tsaya tambaya ba, na sakar masa murfin. Ɗinki huɗu aka yi masa. Washegari ya je tasha, kunya ta hana shi faɗin gaskiya, ya ƙirƙiro ɓarayi. Har tukwici shugabansu ya ba shi."

Yaya ya zauna a hannun kujera, gwarzon gidansu ya rushe a gabansa.

"Tun daga nan," in ji Kaka, "kullum da safe in ya tsaya gaban madubi sai ya shafa wurin ya ce, 'Har yau fa ba ki ba ni haƙuri ba.' Ni kuma in ce, 'Wa ya aike ka bayan ƙofa?' Shekara talatin, ita ce gaisuwarmu. Ranar da za a kai shi asibiti, ana riƙe da shi a bakin ƙofa, ya juyo ya faɗa. Na ce masa, 'Sai ka dawo.'"

Ta shafa gefen firam ɗin. Ba mai buƙatar a ƙarasa masa.

Ta tura min firam ɗin. "Wannan ba abin da na yi masa. Me zan ce masa?"

Kunya da tausayi suka kama ni. Na dubi agogon da Yaya ya miƙar, biyar saura minti goma. Asalin da na ɗauka jiya na riga na danne shi da hannuna.

"Kaka, ara min ɗan hoton."

Ta buɗe gidan tabarau ta miƙo. Na sake ɗora shi a sikana. Na jawo mata kujera kusa da tawa, na zuƙo fuskar ta cika allo. Ga shi nan, gajeren layi fari ya raba girar hagu biyu, ya ɗan karkata sama. Ga tamoji biyu a goshi, ga wata a gefen baki, ta mutumin da ya saba danne dariya.

Wannan karon hawa-hawa na yi, kuma ban shafe komai ba sai na tambaya.

"Wannan ɗan baƙin na kumatu fa, Kaka?"

Ta kawo ido har hancinta na taɓa allo. "Ba nasa ba ne. Share."

"Wannan ɗigon a gefen hanci?"

"Bar shi. Da shi aka haife shi."

"Kunnen nan kamar ya fi ɗayan girma. In daidaita?"

"Ke kika haife shi? Haka yake. Ga irinsa nan a kan yayanki."

Yaya ya kai hannu ya taɓa kunnensa.

Muna cikin haka sai ɗan saƙon nan ya leƙo a ƙasan allo ta dama: akwai sabuntawa. Na ga hannun Yaya ya motsa da kansa. Na harare shi. Ya tashi ya nufi kwandon shara, ya tono 'yar takardata, ya yanko sabon salatif, ya manne wurin da kansa, har yana daidaita ta kada ta karkace.

Biyar da minti talatin da biyar na tura hoton a ɗan filashi na danƙa masa tare da firam.

"Yaya, kada ka tsaya gyara komai a hanya. Ko ka ga allon shago a kife, ka wuce."

Ban taɓa jin babur ɗinsa ya yi irin wannan ƙara ba. Daga baya ya ce ya tarar mai wanke hoto ya sauke ƙofa rabi, ya rusuna ya shige ta ƙasa. Ya dawo shida da kwata, gumi sharkaf, rana ta yi ƙasa amma da sauran haskenta a tagar Kaka.

Ta karɓa da hannu biyu. Ta karkata kai, ta kawo idon dama kusa. Wannan karon ba ta fara daga hula ba, kai tsaye ta tafi girar hagu. Ta ɗora yatsa a kan tabon, ta bi tsawonsa a hankali.

"Ga ka nan," ta ce. "Dubi kunne."

Ni da Yaya muka ja baya zuwa bakin ƙofa. Ya kamata mu fita, amma ƙafa ta ƙi.

"Mai Tikiti," in ji Kaka, muryarta ƙasa-ƙasa. "Na ce sai ka dawo, ka ƙi dawowa. To, yi haƙuri. Ka ji? Yi haƙuri."

Yaya ya cire tabarau yana goge su da gefen riga, ya daɗe yana gogewa. Ni ban ɓoye nawa hawayen ba.

Kaka ta ja hanci, ta ƙwanƙwasa gilashin firam ɗin da farce. "Amma kai ma, tsakaninka da Allah, wa ya aike ka bayan ƙofa?"

Ba ta ajiye shi ba. Ta ci gaba da kallo, tana matsawa da kujerar tana bin hasken, har ya bar tagar gaba ɗaya. Na kai hannu zan kunna fitila, ta ce in bari. Ta rungume firam ɗin a ƙirji.

"Auta, ƙarfe nawa likitan ya ce?"

"Takwas, Kaka."

"To, su yi abin da za su yi. Na gan shi."